Ciwon Suga Lissafi Ne, Ku Koya Saboda Iyayenku

Ƙannena da ke Amurka, musamman ku da kuke raka iyaye asibiti kuna yi musu tafinta, da ku nake.

A ƙasar nan ciwon suga ya fi kama baƙar fata a kan farar fata, kuma ya fi yi musu ɓarna a ƙoda da ido da ƙafa. Talauci da rashin inshora suna da hannu, ba shakka. Amma a 2009 masu bincike a Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville sun tono wani dalili da ba a cika kula da shi ba. Sun gano cewa iya lissafin da ciwon yake buƙata kullum yana da alaƙa da daidaiton sugan mutum, har ya bayyana wani ɓangare na ratar da ke tsakanin jinsunan biyu. Iya karatu kaɗai bai wadatar ba.

Nan na yi sake da Baba. Na ɗauka tunda ina jin Turanci, shi ke nan. Likita ta ce sakamakon gwajin jininsa na A1c 9 ne, ni kuwa na ce masa, "Baba, sun ce a rage zaƙi." Kunya ta hana ni tambaya. Ashe gwajin yana nuna sugan wata biyu zuwa uku ne, kuma ga yawancin manya ana so ya sauka ƙasa da 7.

Sai kwalbar lemo. Na ga an rubuta suga gram 30, na miƙa masa duka. Ban duba layin sama ba, inda aka ce gram 30 ɗin na rabin kwalbar ne. Gram 60 ya sha daga hannuna, ga shinkafa na jira a kwano, wadda ita ma suga take zama a jiki. Wannan har yau yana cin raina.

Ku tambaya har sai kun gane, sannan ku maimaita wa likita da bakinku, ya gyara muku. In akwai jinin sikila a gidanku ku faɗa masa, domin yakan rikita wasu gwaje-gwajen A1c. In kawu ya kira daga Kano ya ce na'urar gwajin suga ta nuna nasa 7, na Baba kuma 126, kada ku firgita, ma'auni ne ya bambanta, a ninka nasa da 18. In na'ura ta nuna ƙasa da 70 a ma'aunin Amurka, sugan ya faɗi, a ba mai ciwon rabin kofin lemo mai suga, a jira minti 15, a sake gwadawa.