Tsintar maganar gona a kwamfutar Baffa

Asabar, bayan sallar isha'i.

Tun da hantsi nake ɗakin Baffa. Tsohuwar kwamfutar da ya yi aikin ofis da irinta har yanzu tana tashi, manhajar rubutu ta WordPerfect 5.1 ce a kanta, wadda ta fito a 1989, shuɗin allo da farin rubutu. So yake a tsinto duk inda aka ambaci gonar gado a tsofaffin wasiƙu da bayanan taron dangi, a tara wuri ɗaya kafin a zauna maganar iyaka.

Na fara da buɗe fayil biyu, ina tsalle tsakaninsu da Shift da F3, in kwafa nan in liƙa can. Ya ɗan zuba min ido, sannan ya ce, "Ɗana, a haka sai mu kai azumi. Matsa ka gani."

Ya danna Alt da F4, ya ja kibiya har sakin layin ya haskaka. Sai Ctrl da F4, ya zaɓi 1, sannan 4, wato Append, umarnin ƙara rubutu a ƙarshen wani fayil. Ta tambayi sunan fayil, ya rubuta GONA.WP, don DOS, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ba ta karɓar sunan da ya wuce harafi takwas kafin ɗigo. Shi ke nan. Allo bai canza ba, ƙugin faifai kawai na ji, 'yar fitilarsa ta ƙifta. Rubutun ya je ya zauna a ƙarshen wancan fayil ba tare da an buɗe shi ba.

Na ce, "Baffa, idan kuna son sa shi a tsakiya fa?" Ya ce babu, kullum a wutsiya yake sauka, shi ya sa za mu bi wasiƙun daga mafi tsufa. Ya kuma buɗe min Alt da F3 ya nuna min alamar [HRt], mai nuna ƙarshen sakin layi: in ban haɗa da ita ba, jimlar bara za ta manne da ta bana kamar layi ɗaya. A maganar iyakar gona wannan ba wasa ba ne.

Gaskiya ga irin wannan tsinta na fi son hanyarsa. Ido na kan takardar da ake karantawa, hannu na jefawa.

Bayan la'asar aka ɗauke wuta, amma duk abin da muka jefa ya riga ya hau faifai. Saura kwali ɗaya na faya-fayan floppy da ba mu duba ba, ga neman wanda zai ara mana na'urar karanta su ta USB don a buga ta sabuwar kwamfuta.