Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na kira Malam "creature"

A makon jiya na tsaya a inda 'yan ajinmu suka ɗora min rubuta waƙar bankwana ga malaminmu na Turanci. Shekarar 1999 ce, ina aji biyar na sakandare, sanyin Jos ya kankama har biro ba ya riƙuwa da asuba.

Ni a zatona abin ba zai ci min dare ɗaya ba. A gidanmu na Gangare na tashi ina jin Kawu yana rera waƙoƙin wa'azi da ya rubuta da ajami, ƙwar biyar-biyar, kowane baiti ya sauka a kan "na" ko "ba". Amsa-amo a wurinmu gaɓar ƙarshe ce, abin da ido ya gani shi kunne zai ji. Sai na ɗauki wannan ma'auni na nufi Turanci da shi. Na haɗa "come" da "home", na haɗa "love" da "move", ina ta jin kaina.

Yaya Babba ce ta fara yi min dariya. Ta ce, "Kai, karanta da ƙarfi mana." Na karanta. Ko kusa ba su haɗu ba, ɗaya "kam", ɗaya "hom". Ashe Bature da kunne yake auna nasa, tun daga wasalin da aka danna wa murya har ƙarshen kalma. Shi ya sa "blue", "shoe" da "through" suke tafiya tare duk da rubutunsu ya yi hannun riga, alhali "tough" da "though" ko gaisawa ba sa yi. Ta ƙara min da cewa kada in wahalar da kaina a kan "month" da "orange", su Turawan ma sun rasa musu cikakken abokin tafiya.

Washegari na je wajen masu tsofaffin littattafai kusa da kasuwar Taminus, wadda gobara ta cinye a 2002, na sayo ƙamus da bangonsa ya yage. Amma ƙamus da harafin farko yake jera kalmomi, ni kuwa wutsiya nake nema. Kwana uku ina buɗe shafi ina furtawa kamar mai tilawa, har Inna ta leƙo ta ce, "Lafiya kake kuwa?"

A dare na uku na samo wa "teacher" abokai biyu: "preacher" da "creature". Na farkon na san shi, mai wa'azi ne, Malam kuwa ba ya wa'azi. Na biyun na duba a gurguje, na ga "halitta", na ce shi ke nan, ai kowa halittar Allah ne. Ban kai layi na biyu ba, inda aka nuna an fi faɗinta a kan dabba da ƙwaro.

Ranar taro na miƙe gaban ɗalibai da malamai, na daddage na kira shi "wonderful creature". Wuri ya yi tsit, sai wata malama ta toshe baki da gyale. Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Da aka tashi ya yafito ni.

"Yaro, kunnenka ya ci jarrabawa," in ji shi. "Kawo ƙamus ɗin nan gobe, mu karanta layin da ka tsallake."

Na ce, "To, Malam." Sai da na isa gida na tuna gobe ba ya makarantar.