Keken ɗinkin da aka ɗora a amalanke

Shafi biyar ne labarin nawa. Na rubuta shi da daminar bara a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, a kan wata mata mai takaba a unguwar Hausare, wadda ta kwana zaune gaban keken ɗinkin marigayi mijinta tana saƙa da warwara: ta sayar ta biya kuɗin haya ne, ko ta bar shi a inda ya bar mata. Ba abin da ke faruwa a ciki sai tunaninta, har ladan ya kira assalatu.

Ɗan yayata, wanda sana'arsa ɗaukar bidiyon biki, ya karanta ya ce zai mai da shi fim shi da abokansa biyu. Bayan mako guda ya dawo da takardun duk ya zane su da jan biro.

"Kawu, kyamara ba ta ɗaukar zancen zuci," in ji shi. "Ko dai mu ba ta wanda za ta yi wa magana, ko mu ba hannunta abin yi."

Suka yi duka biyun. Suka ƙirƙiro maƙwabciya mai shigowa da kunu, domin a ji damuwar daga baki. Wannan bai kwanta mini ba, don mai takabar da na rubuta ba ta da wanda za ta gaya wa, kuma a nan nauyin labarin yake. Amma da aka zo ɗauka sai ga abin da ban taɓa kawowa a raina ba: maƙwabciyar ta yi sallama, ta gaisa da Fulatanci, aka amsa mata da Hausa, aka ambaci kuɗin haya da Faransanci. Haka muke magana a Garwa kullum, ni kuwa a takarda na sa kowa yana zuba Hausa zalla.

Abin hannun ne ya gama da ni. Dattijuwar da ta fito a matsayin matar ta ɗauko 'yar kwalbar mai, ta ɗiga a gindin allura, ta goge da bakin zanenta. Sannan ta ɗora ƙafa ta fara taka keken, babu zare, babu yadi. Kusan minti ɗaya ba a jin komai sai ƙarar keken nan. Ina tsaye bayan mai riƙe da fitila, hawaye suka cika mini ido. Shafi biyu na cika ina bayanin kewarta, ita kuwa ƙafarta kaɗai ta isar.

Na san ba a kaina aka fara ba. Usman Sembene na Senegal da kansa ya mai da gajeren labarinsa na 1962 fim a 1966, wanda ake kira La Noire de, a kan wata 'yar aiki da iyayen gidanta suka tafi da ita Faransa. A rubuce, labarin ya buɗe ne bayan ta riga ta mutu, mahukunta suna bincike a gidan. A fim kuwa da saukarta daga jirgin ruwa aka fara, ana komawa baya zuwa Dakar, kuma wata fuskar katako da ta ba su kyauta ta ɗauki nauyin abin da ba a faɗa ba. Mai labarin ne da mai fim ɗin, amma bai bar shi yadda ya rubuta ba.

Inda muka yi ja-in-ja sosai shi ne ƙarshe. Ni na tsaya a kiran sallah, ba a san me ta yanke ba. Yaron ya ce jama'armu ba za su yarda a kashe musu fim a haka ba, za su ce data ce ta ƙare. Sai ya nuna an ɗaure keken da igiya a amalanke, ana tura shi hanyar kasuwa, tana leƙe daga zaure.

An haska shi a tsakar gidan yayata, jikin farin zanen gado. Mata suka yi ta salati lokacin da amalanken ya sha kwana. Da aka watse wata tsohuwa ta tare ni, ta ce, "Malam, me ya sa ka sa ta sayar?" Na ce mata ba ni na sayar ba, a wurina har yanzu keken yana ɗakinta.