Ranar da kofin shayi ya kuɓuce mini

Shekara tara ina aikin walda a Panteka, nan Kaduna, kuma ban taɓa ɗaukar injin goge ƙarfe abin tsoro ba sai ta wajen tartsatsi da faifan da kan fashe. Girgizar da yake yi a hannu kuwa, mun saba da ita kamar yadda aka saba da ƙarar janareta.

A hunturun bara muka karɓi aikin ƙofofi da tagogin wani gida a Rigasa. Mai aikin yana gaggawa, wuta kuma ba kullum ba, don haka duk ranar da aka kawo sai in kama injin tun hantsi har la'asar, ban da salla ba na ajiyewa. Faifan ya cinye ta gefe guda, na gani sarai, amma na ce a lallaɓa. A rana ta huɗu da safe, mai shayi ya miƙo mini kofi, na karɓa, sai kawai na gan shi a ƙasa. Ban ji lokacin da ya zame ba. Na duba yatsuna, biyu sun koɗe sun yi fari-fari, kamar ba nawa ba. Da jini ya dawo kuwa, zugi kamar ana tsira mini allura.

Maigidana ya ce, "Kai yaro, sanyi ne, je ka ji ɗumi." Uwargida ce ta matsa sai na je asibiti, don ta lura ko murfin robar ruwa sai na miƙa mata ta buɗe.

Likitan fisiyo, wato mai kula da motsin gaɓoɓi da tsoka, ya ba ni wani ƙarfe mai agogo in matse. Hannun dama, wanda nake taƙama da shi, da kyar ya kamo na hagu. Bayanin da ya yi ne ya ba ni mamaki. Ashe a cikin tsoka akwai wasu 'yan jijiyoyi masu jin miƙewarta. Idan girgiza ta taɓa su, sai su sa tsokar ta ɗaure da kanta, ba da izininka ba. Wato kana riƙe da inji, tsokarka tana aiki biyu: wanda ka sa ta, da wanda girgiza ta tilasta mata. Ga shi yatsu sun sage, ba ka jin ko ka riƙe sosai, sai ka ƙara damƙewa. Damƙewar kuma ita ke buɗe wa girgizar hanya ta haura har gwiwar hannu. Ni da nake ganin jarumta ce in matse injin kamar zan karya shi, ashe ni nake yi wa kaina sakiyar da ba ruwa.

Ciwon ba sabo ba ne. Tun 1918 wata likita a Amurka, Alice Hamilton, ta rubuta shi a kan masu sassaƙa dutse da injin iska a jihar Indiyana, kuma a can ma sanyi ne ke tayar da farin yatsun. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin: idan girgiza ta ninka biyu, lokacin da ya kamata ka riƙe injin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Faifan da ya cinye ta gefe guda kuwa ƙara girgiza yake yi, don haka kuɗin faifan da na yi ƙyashin kashewa, hannuna ne ya biya.

Yanzu faifai na fara karkacewa nake cire shi. Ina yin kamar minti goma sha biyar in ajiye, in koma awo ko fenti, sannan in dawo. Ƙarfen kuma ina ɗaure shi a teburi maimakon in danne da hannun hagu. Na gwada safar hannu mai kauri, sai na ga tana sa ni ƙara matsewa, na koma marar kauri, don ɗumi kawai, musamman a kan babur da asuba, tun da shi ma kansa yana da tasa girgizar. Sigari ne ya fi ba ni wahala, don likita ya ce yana tsuke hanyoyin jini. Na rage dai.

Ƙarfin riƙo ya dawo cikin 'yan makonni. Kan ɗan alin dama ne har yau idan na shafa ƙarfe ba na bambanta mai santsi da mai kaushi, sai na sa hannun hagu.