Kafin ku ɗauki cebur zuwa Lome

Matasan Nima da Mamobi na Accra da ke shirin tsallaka iyakar Ghana da Togo a Aflao don gina wa marasa ƙarfi ɗaki a unguwar Agoe-Zongo ta Lome, Allah ya saka muku da alheri. Amma ku sani, siminti bai san hutunku ya kusa ƙarewa ba. Mako guda kuke da shi, bulo kuwa yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 ƙarfinsa yake cika. Don haka a tura mutum biyu wata guda kafin tafiya, su sa a buga bulon. In aka ɗora ɗanyen bulo, bangon zai tsage yayin da yake bushewa, ku kuma kun riga kun dawo Accra.

Waɗannan mutum biyun su fara da maganar fili. Wa ya mallake shi, ina takarda, 'yan gado sun yarda? A zauna da mai unguwa da liman, a rubuta. Abin takaici ne a gina wa gwauruwa ɗaki, dangin miji su kore ta bayan an yi rufi.

Hanya ba wuya: mota daga tashar Tudu a Accra zuwa Aflao, fasfo, da katin rigakafin shawara. Ɗan ECOWAS yana da kwana 90 ba biza. Kada ku yi dakon siminti ko rodi, kwastan za su cinye muku yini. Ku canza sidi zuwa sefa, ku saya a can.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne awo. Mu inci muke ƙirgawa, su santimita. Bulonmu 18 ne da 9 a inci, kusan 10 ke cika murabba'in mita ɗaya. Nasu santimita 40 ne da 20, sai 12 da rabi. Ɗaki mai mita 3.6 kowane gefe, tsayi mita 3, in an cire ƙofa da taga, zai ci wajen bulo 400 namu, nasu kuwa 500, ban da na harsashi da wanda zai fashe. Wanda ya yi lissafi da awon gida, bulo zai ƙare masa kafin bango ya kai rufi. Shi ya sa nake ganin birkilan unguwar ne ya kamata ya riƙe igiya, a biya shi haƙƙinsa, ku kuma ku yi kwaɓi da miƙo.

Buhu mai kilo 50 kada ya wuce bulo 30. Kankare kuwa kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Yashin bakin teku kada a taɓa shi ko da kyauta ne: gishirinsa yana cin rodi, tsatsa ta kumbura ta fasa linta.

Unguwar tana kusa da kogin Zio, ruwa yana kwanciya. Ku tambayi maƙwabta inda ambaliya ta tsaya a bangonsu, ku ɗaga daɓe sama da nan, ku shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare. Rufi kuma a ɗaure katakonsa da rodin da aka binne cikin kankaren saman bango, domin iskar farkon damina, wajen Afrilu, takan ɗauke kwanon da ƙusa kaɗai ke riƙe da shi. Ku tsara tafiyar tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma ku bar wa mai ɗakin buhu ɗaya da lambar birkila saboda gyaran da zai taso.