Ranar Talata da Uwargidan Tafki

Tun bayan sallar azahar nake kan keken ɗinki, ina fama da murabba'i ɗaya tak na bargon ƙyallaye. Malamarmu ta ajin ɗinki a nan Glasgow ta ce kowa ta zaɓi tsohon salon haɗin ƙyallayen da take so, ni kuwa na ɗauki Lady of the Lake, wato Uwargidan Tafki, don sunan ya burge ni, ban san wahalar da ke ciki ba.

A tsakiyarsa akwai murabba'i mai inci 6 da aka raba biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, rabi mai duhu, rabi mai haske, sannan ƙanana 16 masu inci 2, su ma rababbu haka, suka kewaye shi kamar haƙoran zarto. Ragowar shuɗiyar atamfar da na zo da ita daga gida na haɗa da farin yadi, sai abin ya fito kamar ruwan da iska ke kaɗawa.

A labaran Birtaniya na dā, Uwargidan Tafki ce ta bai wa Sarki Arthur takobinsa Excalibur, bayan wani hannu ya ɓullo daga tsakiyar tafki yana riƙe da shi. Da sarkin ya ji raunin ajali, ya umarci bardensa Bedivere da ya mayar da takobin ruwa, amma sau biyu barden yana ɓoye shi saboda kyansa, sai a karo na uku ya jefa, hannun ya sake fitowa ya cafe. Malamarmu dai ta fi yarda cewa salon ya samo sunansa daga wata waƙa mai wannan suna da marubuci Walter Scott ya wallafa a 1810, wadda labarinta ya gudana a tafkin Katrine na nan Sikotland, kuma budurwar cikinta mutum ce, ba aljanar ruwa ba. Ban yi mata musu ba, amma mai takobin nake gani idan na dubi tsinin nan.

Tsinin ne kuma ya ba ni wuya. Gefen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi idan aka ja dutsen guga a kansa maimakon a danna, kuma da zarar ɗinki ya wuce rubu'in inci daga bakin yadin sai ya cinye kan alwatikar. Sau biyu ina warware jeren sama, a na uku ma ɗaya ta fito da dakusasshen kai, na bar ta haka domin magariba ta yi. Saura murabba'i 11, kuma gobe sai na sa wa yadin sitaci kafin in yanka.