Taɓon da ya cinye min takalmi a Kalaba

Da na gaya wa Hajiyarmu cewa aikin bincikena a dajin mangurob zan yi, sai ta ce to Alhamdulillahi, ka taho mana da mangwaron. Sai da na yi mata bayani cewa ba mangwaro ba ne, wasu itatuwa ne da suke tsirowa a ruwan gishiri a bakin teku, saiwoyinsu a waje kamar an kafa musu ƙafafu, kuma ni ba ma itacen na je nema ba, taɓon ƙarƙashinsa nake so. Ta yi shiru, can ta ce duk kududdufan Kano ba su ishe ka ba?

Mun shiga kwale-kwale da sassafe saboda sai ruwa ya janye ake iya taka wurin. Takun farko na nutse har gwiwa, da na zaro ƙafa takalmin roba ya yi zamansa a ciki, har yau yana can. Ga wari, wallahi kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai kiret guda. Mai tuƙa mu dariya kawai yake, shi ko a jikinsa.

To warin nan shi ne maganar. Taɓon kullum a jiƙe yake, iskar oksijin ba ta wuce 'yan milimita daga sama, ƙasa da nan babu. Bakteriyar da ke can ƙasa sai suka koma amfani da sinadarin salfet na ruwan teku a madadin iska, irin su Desulfovibrio, suna cin ganyen da ya zuba suna fitar da gas mai warin nan na farar wuta. Gas ɗin in ya haɗu da ƙarfen da ke cikin laka shi ne yake mai da ita baƙa ƙirin. Sannan a sama akwai wasu da abincinsu shi ne wannan gas ɗin, wato kashin wani tuwon wani. Wasu a jikin saiwa suke suna kamo naitirojin suna ba itacen taki kyauta. Hatta ramin ƙaguwa, da yake iska na bi ta ciki, mazauna bangonsa daban suke da na taɓon da ke gefe, tazarar ɗan yatsa kawai amma kamar Fagge da Sabon Gari.

Abin da ya fi ba ni haushi a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, shi ne mafi yawan bakteriyar nan ba sa yarda su tsiro a farantin gwaji, ka zuba musu abinci ka jira sati, 'yan ƙalilan ne za su fito. Dole sai an ciro DNA daga taɓon an karanta wani yanki da ake kira 16S, nan ne za ka ga sunaye rututu, wasu ma ba a raɗa musu suna ba tukuna. A irin wannan daji ne a tsibirin Gwadalup da ke yankin Karibiyan aka samu wata bakteriya mai suna Thiomargarita magnifica, wadda aka yi bayaninta a 2022, tsawonta kusan santimita 1, da ido ake ganinta ba sai da madubin ƙara girma ba.

Ni dai sunan da muke kiran bakteriya da shi ne yake damuna, ƙwayoyin cuta. Wace cuta? Daddawar da ke miyarmu bakteriya ce ta nuna ta. Kuma a Neja Delta, inda dajin mangurob mafi girma a Afirka yake, in ɗanyen mai ya malala akwai bakteriyar da ke cinsa, sai dai a hankali ƙwarai tunda babu iska a ƙasa, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Samfur ɗina suna firiza yanzu, ina ta addu'ar kar a ɗauke wuta. Hajiya kuma jiya ta sake tambaya ko an samo takalmin.